Dami Arba'in Na Kurni

Ranar Talata da hantsi wani gardi, ɗan sandan Faransawa, ya shigo Matameye a sukwane, dokinsa na zubar da kumfa. Bai tsaya ɗaure shi ba, ya faɗa biro, ofishin gwamnati, inda Sufeto Lawwali ke zaune.

"An buɗe rumbun Kurni, Sufeto. Kara ne a ciki."

"Kara?"

"Kara zalla, sai dami uku da aka shimfiɗa a sama. Komanda ya sa an ɗaure Sarkin Noma."

Lawwali ya miƙe, ya ɗauki jar hularsa. Tsohon soja ne, dogo, mai tabo a haɓa. Faransawa na kiran muƙaminsa da wani dogon suna mai karya harshe, mutanen gari suka yanke masa wutsiya suka bar Sufeto.

Shekara biyu ke nan da fara ta share gonaki, mutane suka ci irin shukarsu har da dusa. Bayan wannan yunwa Nasara ya kafa doka. Kowane gari zai tara geron iri a rumbu guda, can bayan gari saboda gobara, a toshe bakinsa da laka, a buga hatimin gwamnati, kada a buɗe sai hadari ya fara haɗowa. Aka kuma hana fitar da gero zuwa ƙasar Ingilishi, ko da tiya guda ce. Gyaɗa kam, a kwashe ta zuwa Kano ta hau jirgin ƙasa, ba mai hanawa.

Garuruwa da yawa sai da aka nuna musu bulala. Kurni kuwa kafin gardi ya iso sun cika rumbunsu, dami arba'in cif, domin ba Nasara ne ya koya musu tanadi ba.

Da Lawwali ya isa, gari duk yana bayan gari. Komanda, Nasaran da ya zo rangadi daga Damagaram don a buɗe rumbun a gabansa, yana tsaye fuska ta yi ja kamar gauta. A gindin rumbun an zaunar da Sarkin Noma Isufu da igiya a hannu, tsoho mai shekara saba'in, rawaninsa ya warware.

Lawwali ya san shi sarai. Shi ma ɗan Kurni ne. A shekarar fara yana can bakin aiki, wannan tsohon ne ya riƙe masa uwa da kunu har kaka ta zo.

"Ba wani bincike," in ji Komanda da Faransanci. "Shi ke gadi. Shi da mutanensa suka cinye. Ranar Juma'a motata za ta koma Damagaram, da shi za ta tafi."

Kowa ya san abin da gidan kason Damagaram ke yi wa matasa, balle mai furfura. In Isufu ya hau motar nan, ba zai sake ganin Kurni ba.

"A ba ni zuwa Juma'ar, Komanda."

"Ka ɗauka. Motar ba za ta jira ka ba."

Lawwali ya juya ga akawun biron noma, Malam Abdulra'uf, mai riƙe da hatimi. Saurayi ne fes, ɗan makarantar Nasara, da farar riga mai guga. Ya sa hannuwansa duka biyu cikin rigar, yana ta goga wuya a kafaɗa kamar mai jin ƙuda.

"Malam, hatimin da aka fasa yau naka ne?"

"Kamarsa ce, Sufeto. Amma ai katako ne. Kowane masassaƙin turmi ya kalle shi sau biyu zai yi irinsa."

"Yaushe rabonka da Kurni?"

"Tun kaka, ranar da aka rufe."

Lawwali ya tsuguna ya ɗauki gutsuren lakar da aka fasa daga bakin rumbun. Ya murmushe ta a tafin hannu. Sai ya je ya ƙwaƙulo kaɗan daga jikin rumbun, ya murmushe ita ma. Ta jikin rumbu ƙasar shuri ce da yankakkiyar ciyawa, yadda duk Kurni ke kwaɓawa tun kaka da kakanni. Ta bakin kuwa jar ƙasa ce, cike da ɓawon gyaɗa.

Ya ƙulle gutsuren a hankici ya sa a aljihu.

Da azahar aka kawo Isufu Matameye, aka sa shi a ɗakin tsaro na bayan biro. Lawwali ya kwance masa igiya da hannunsa, ya ba shi ruwa.

"Baba, da me kuka kwaɓa lakar bakin rumbu?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Lawwali? Ko bariki ta mantar da kai? Shuri da ciyawa mana."

"Ba ɓawon gyaɗa?"

"Ɓawon gyaɗa a yaɓe? Sai dai in gara muke wa girki."

"To, tun kaka ka taɓa barin rumbun nan wuni guda?"

"Ko sau ɗaya."

Lawwali ya dube shi cikin ido.

"Na ji rasuwar Inna Baiwa, ƙanwarka ta wajen Daura. Allah ya jiƙan ta. Wa ya je gaisuwa daga gidanku?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ƙarya ba ta saba da bakinsa ba, shi ya sa ba ta zauna daidai ba.

"Ni na je," ya ce a hankali. "Kwana biyu na yi. Ba ni da takardar tsallaka iyaka, shi ya sa na ɓoye. Na zaɓi ranar da aka kwashe mazan gari aikin hanya, na ce ba mai lura."

"Wa ya san za ka tafi?"

"Madugu Alasan. Ayarinsa na so bi, ya ce ba zai tashi ba sai bayan sati."

"Baba, in na ga geron nan a kasuwa, yaya zan gane shi? Gero ai gero ne."

Nan tsohon ya ɗago kai, idonsa ya kawo haske.

"A bakin wa? Geron irin Kurni ba ya shiga rumbu sai ya yi wata guda a rataye a madafa yana shan hayaƙi. Shi ya sa ƙwaro ba ya taɓa shi. Ubana haka ya yi, uban ubana haka. Ko an daka shi ya zama gari, hancinka zai gaya maka."

Washegari Laraba Lawwali ya nufi zangon Madugu Alasan, mai kai gyaɗa Kano da jakuna ta hanyar Ɗan Barto. Buhuna jibge har sun fi tsayin mutum, kowanne da hatimin biron noma mai cewa gyaɗa ce, ta wuce duwan, masu duba kaya a iyaka, ba tambaya. Madugun ya fito yana fara'a fiye da kima.

"Sufeto da kansa! Yau wace rana?"

"Yaushe ayari zai tashi?"

"Jibi Juma'a, in Allah ya so."

"Sati uku da suka wuce, ranar aikin hanya, ina jakunanka suke?"

"Suna nan a turke, wallahi. Hutu na ba su."

"Ka san Sarkin Noma zai yi tafiya ran nan?"

"Ni? Ina zan sani? Ai rabona da shi tun kasuwar kaka."

Lawwali ya bar shi da ƙaryarsa, ya zagaya zangon yana duban ƙasa. Ɓawo yake nema. Ya duba gindin sikeli, ya duba bayan danga, ya duba juji. Ko ƙwaya ɗaya bai gani ba.

Sai ya tsaya cak, ya ji haushin kansa. Ɗan manomi guda, har ya manta! Gyaɗar da ake kaiwa Kano ɓararriya ce, mata ke ɓare ta a gidajensu tun sanyi, su ƙone ɓawon a murhu. A cikin bazara wuri ɗaya ne a duk ƙasar nan ake samun gyaɗa da ɓawonta: magaza, ɗakin ajiyar gwamnati, inda ake ajiye ta iri. Makullin magaza kuwa yana wuyan mutum ɗaya.

Amma ɓawo ba ya magana a gaban Komanda. Geron ake so, kuma bai san inda yake ba.

Rana ta take. A ƙofar zangon, Batulu mai fura ta kafa ƙwaryarta, dattijuwa mai bakin da duk Matameye ke shakka.

"Sufeto, zo ka jiƙa maƙoshi. Yau kyauta nake bayarwa, tunda masu kuɗi sun guje ni."

"Me ya kore su, Inna?"

"Sha ka ji."

Ya ɗaga ludayi ya kurɓa. Bai haɗiye ba ya ji shi, ƙaurin hayaƙi, can ƙasan tsamin nono. 

"Inna Batulu, ina kika sayi geron nan?"

"A kasuwa mana."

"Wajen wa?"

"Oho, wani baƙo."

"Inna, akwai tsoho a ɗakin tsaro. Jibi za a kai shi Damagaram saboda geron nan."

Batulu ta ajiye ludayi. Ta waiga ta dubi zangon, ta rage murya, abin da ba a taɓa jin ta yi ba.

"Buhu ne ya fashe shekaranjiya ana lodi. Buhun gyaɗa, sai ga gero yana zuba. Madugu ya ce in share in tafi da shi, in kuma ɗinke bakina. Na ce ta faɗi gasassa. Ashe wahala na kwasa! Sai da na sheƙe shi sau uku."

"Don me?"

"Ƙaiƙayi ne rabinsa, ga kan zangarniya ba a gama sussukewa ba. Ni dai na rantse da abin da zai kashe ni, wannan ba sussukar mace ba ce. Ko 'yar shekara tara ta yi wannan aiki, uwarta sai ta ja mata kunne. Namiji ne ya yi, kuma namijin da bai taɓa riƙe taɓarya ba."

Lawwali ya tuna farar riga, da wuyan da ake gogawa a kafaɗa, da hannuwa biyu da ba su fito ba. Ya shanye furar tas, ya biya kuɗinta ninki biyu.

Ya koma cikin zangon. Wannan karon bai yi sallama ba.

"Madugu, ko ka nuna mini buhunan, ko in sa a farke su ɗaya bayan ɗaya, gyaɗarka ta bi ƙasa."

Fara'ar ta gudu. Alasan ya zauna a kan buhu kamar an zare masa laka.

"Takwas ne, suna ƙasa. Wallahi Sufeto ban san na sata ba ne sai da buhun ya fashe. Akawu ne ya zo da takarda mai hatimi, ya ce gwamnati na son jakuna shida ranar aikin hanya. Yarana suka kai masa kaya magaza daga Kurni, a rufe da tabarmi. Wa ke tambayar takardar Nasara? Daga baya ya kawo buhunan nan ya ce gyaɗarsa ce, in sayar masa a Kano."

"Yaya ya san Sarkin Noma ba ya nan?"

"Bakina ne. Na je karɓar takardar ayari, hira ta kawo hira."

Lawwali ya sa gardi biyu a kan buhunan, ya ce ko kaza kada ta matso.

Ranar Alhamis da safe ya roƙi Komanda ya zo magaza, wai akwai abin da ya kamata idonsa ya gani. Aka fito da Isufu. Batulu ta zo da kanta ba wanda ya kira ta, rabin kasuwa na biye da ita. Aka jera buhu takwas a ƙofa.

Malam Abdulra'uf ya iso da makulli a wuya, hannuwa cikin riga.

"Buɗe mana, Malam," in ji Lawwali.

Ya fito da hannu ɗaya a dunƙule, ya yi ta kokawa da kwaɗon. Da ƙofar ta buɗe, ga tulin gyaɗar iri da ɓawonta har rufi. A lungu kuma, bayan tsofaffin buhuna, ga turmi, ga taɓarya, ga ƙaiƙayi an tura shi gefe da ƙafa.

"Me turmi ke yi a magazar gwamnati?" in ji Komanda.

"Na mai gadin da ya bar aiki ne, Komanda."

Lawwali ya zare wuƙa ya tsaga buhu ɗaya daga cikin takwas ɗin. Gero ya kwararo a kan hatimin da ke cewa gyaɗa ce.

Akawun bai rikice ba, wannan kam a yaba masa. Ya juya ga Komanda da Faransancinsa mai santsi.

"Na yi kuskure, Komanda, na amsa. Na so in fitar da gero, doka ta hana. Amma nawa ne, a kasuwar Yauri na saya. Wa zai ce na Kurni ne? Gero ba shi da suna."

Komanda ya dubi Lawwali. Gaskiya ne, in aka tsaya nan, akawu zai biya tara ya koma kujerarsa, tsoho kuma ya hau mota.

"Yana da suna, Komanda," in ji Lawwali. "A kawo ƙwarya uku."

Aka ɗebo gero daga mai awo na kasuwa a ɗaya. Aka ɗebo na dokin Komanda a ta biyu. Ta uku daga buhun da aka tsaga. Lawwali ya ce Komanda ya ɗaure wa tsohon ido da hannunsa, ya kuma jujjuya ƙoren yadda ya ga dama.

Isufu ya sa hannu a ta farko, ya kai hanci.

"Wannan na jigawa ne, kuma an bar shi ya sha raɓa. Mai shi malalaci ne."

Mai awo ya ɓata rai, kasuwa ta fashe da dariya.

Ya taɓa ta biyu.

"Wannan ya shekara biyu. A ba doki."

Ya kai ta ukun hanci. Ya daɗe riƙe da tsabar a tafinsa.

"Wannan namu ne," ya ce. "Hayaƙin karan dawa da itacen ƙirya. Sannunku da wahala, 'ya'yana."

Da geron yake magana. Ba wanda ya yi dariya.

Komanda ya ɗebi kaɗan daga kowace ƙwarya ya shinshina da dogon hancinsa. A ta ukun ya tsaya, ya sake shinshinawa, ya dubi tsohon da wani irin kallo da bai yi masa ba shekaranjiya.

Lawwali ya kwance hankicinsa ya ajiye gutsuren laka kusa da tulin gyaɗa.

"Wannan ce lakar da aka mayar a bakin rumbu. Ba shuri, ba ciyawa, sai ɓawon magazar nan. Saura abu ɗaya. Malam Abdulra'uf, buɗe tafin hannunka."

"Fitila ce ta ƙone ni."

"Ban tambaye ka ba tukuna. Buɗe."

Ya buɗe. Tafukan nan masu laushi na mai alƙalami duk sun yi bororo, wasu sun fashe, wasu sun fara kanta, a jere daidai inda taɓarya ke kama mutum. Wuyansa kuwa, da aka ja rigar, ya yi ja da susa.

"Ayyururui!" Batulu ta rangaɗa guɗa. "Ga amaryar da ta yi mana sussuka! Ɗan nan, da ka zo na koya maka sheƙa, ai da ba a kai ga haka ba."

Wannan ce ta karya shi, ba Komanda ba. Ya zauna a ƙasa cikin ƙaiƙayi.

"Ni ne," ya ce. "An ce gero ya yi tsada a Kano ninki uku. Ni na rubuta sunayen masu aikin hanya, na san ba namiji a Kurni ran nan. Na kwaɓa lakar a nan na tafi da ita. Na ji tsoron kiran mata su sussuka, kada magana ta fita, na yi da kaina sati biyu, ƙofa a rufe."

"Da aka ɗaure tsohon nan a gabanka fa?" in ji Lawwali.

"Na ce ai tsoho ne, ba za su tsananta masa ba."

 Lawwali ya cire makullin daga wuyan akawun ya miƙa wa Komanda, ya ɗauko igiyar nan da aka ɗaure Isufu da ita, ya ba gardi. Aka tasa akawun gaba zuwa ɗakin tsaro, mata na matsawa gefe kada rigarsa ta taɓa su. Madugu Alasan ya bi bayansu da nasa gardin, zai je ya yi bayanin bakin da ya ɗinke.

Komanda ya gyara murya. Ya ce a gaya wa tsohon zancen tsallaka iyaka an yafe. Sannan ya fito da ɗan littafinsa, ya ce a tambaye shi kwana nawa ake rataye iri a hayaƙi, da wane itace, domin yana so a sa duk garuruwa su riƙa yi.

Lawwali ya fassara. Shekara goma sha biyu yana fassara umarni daga sama zuwa ƙasa. Yau ce rana ta farko da ya ga Nasara riƙe da alƙalami yana jiran abin da manomi zai ce.

Isufu ya naɗa rawaninsa a tsanake, sai da ya gama tsaf.

"Gaya masa wata guda. Sauran bayanin ya zo Kurni da kaka ya gani da idonsa, ba a koyon noma a tsaye. Yanzu a ba ni jakuna. Gabas ta yi baƙi tun jiya, kuma geron nan sai an sake sheƙe shi kafin ya shiga rami."

Ranar Juma'a motar Komanda ta tashi zuwa Damagaram da mutum ɗaya a baya, hannuwansa naɗe da tsumma. A hanya ta wuce gonakin Kurni, inda aka yi ruwan farko da asuba. Maza na tafe a jere da sungumi, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. A layin gaba akwai wani dogo mai tabo a haɓa, ya rataye jar hularsa a reshen gawo, Sarkin Noma na bayansa yana yi masa faɗa wai ramukansa sun yi nisa da juna.